Ka Ba Timiya Kwana Uku

Abokina,

Mahaifiyarka ta zo mini jiya bayan la'asar, fuska a murtuke, ta ce wai kai da abokanka uku kun ɗaura niyyar kama hanyar Agadas a hutun ƙarshen shekara, daga can ku hau duwatsun Abzin, ku gangara ku leƙa hamadar Tenere. So take in hana ka. Na ce mata mutumin da ya ci tuwonsa a wannan hanya tun yana yaron mota har furfura ta cika masa kai ba shi da bakin da zai hana jikansa ganinta. Iyakar abin da zan iya shi ne in zaunar da kai in gaya maka abin da na sani. To kai ba ka zama, ko gaisuwa ka zo ƙafarka ɗaya na waje, shi ya sa na ɗauko biro.

Ta nuna mini tsarin tafiyar da kuka rubuta a waya. Kwana 6, wurare 11. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Wanda ya tsara muku wannan da ɗan yatsa ya auna ƙasar a kan taswira, bai taɓa jin yadda hanyar dutse ke kaɗa wa mutum hanji ba. Timiya kuwa awa biyu kuka ba ta, wai cin abinci da ɗaukar hoto. Wannan layin ne ya fi tsaya mini a rai, kuma zan komo kansa. Bari dai mu ɗauko hanyar daga gindinta.

Daga Kano ta Kazaure da Daura zuwa iyaka a Kongolom, ka wuce Matamai ka faɗa Damagaram, wannan ba sai na koya maka ba. Gida ne, harshe ɗaya, tuwo ɗaya. Takardunku da na mota dai su cika, ku kuma tambaya kafin ku tashi, don tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a farkon 2025 ba a dogara da abin da aka saba da shi a da. In jandarma ya ɗaga muku hannu, a kashe mota, a gaishe shi, a miƙa abin da ya nema. Mai saurin fushi shi ke kwana a shinge. Sai lissafin kuɗi: in mai shayi ya ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi, don dala ɗaya sefa 5 ce, jaka kuma 1,000. Na taɓa ganin ɗan boko da tabarau ya tsaya yana musu da mai ƙosai a tasha kan wannan, yara na ta tuntsira dariya.

Daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne, ta Tanut da Adarbisanat. A nan nake so ka sa wayar a aljihu. Za ka ga gonakin gero na Damargu suna ta sirancewa, kuka ta ɓace, gawo ya bi ta, a bar ka da ƙaya da aduwa da tumfafiya, su ma suna ta ja da baya da juna kamar masu gaba. Hamada ba ta da ƙofar shiga. A hankali take karɓar ƙasa daga hannun manomi, kuma wanda ya yi barci a kujerar baya ya farka a Agadas ya biya kuɗin mota bai ga komai ba. Kada ku yi wannan hanyar da dare. Raƙumi ba shi da fitila.

Tun daga nesa za ka hango hasumiyar babban masallacin Agadas, ta laka zalla, tsayinta mita 27, itatuwa sun huhhudo daga jikinta kamar ƙayar beguwa. An gina ta a 1515, aka sabunta ta a 1844, a 2013 kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Wannan kowane yaro a bakin masallacin zai karanta maka. Ni abin da nake so ka riƙe shi ne tsohuwar zumunta ce tsakaninmu da garin nan. A cikin birnin Kano akwai unguwar Agadasawa. Gobirawa na cewa daga Abzin kakanninsu suka gangaro. Baƙin rawanin nan mai sheƙi da za ka gani a kan manyansu ranar biki, turkudi ne, aikin marinan Kura da mabugansu. Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, a Agadas ya sauka a 1850 kafin ya iso Kano, har yau ana nuna gidan da ya zauna. Da Hausa za ka yi ciniki a kasuwa, da Hausa za a amsa maka. Sai dai kada sauƙin harshe ya ruɗe ka ka ɗauka ka san mutanen.

Akwai kalma ɗaya da za ka bari a gida. Mu a nan duk mai rawani da ke gadi a ƙofar wani Buzu muke ce masa, ba mu ma tunanin komai. Asalin kalmar ta shafi bauta, akwai wanda za ta sosa wa rai ko da bai nuna maka ba, kuma ba zai nuna maka ba. Ka ce Ba'abzine, ka ce Abzinawa.

A Agadas ne za ku yi babban aikin tafiyar, wato neman jagora da izinin hukuma. Da ɗan gari akan ci gari. Wayarka za ta iya nuna maka ɗigon inda kake tsaye, amma ba ta san rijiyar da ta ƙafe bana ba, ba ta san turbar da aka daina bi saboda nakiyoyin da aka binne a tawayen 2007 zuwa 2009 ba, ba ta kuma san inda 'yan fashi ke tare masu neman zinariya ba tun da aka gano ta a arewa a 2014. Hukuma na iya cewa sai da rakiyar soja. Tana iya cewa ba a zuwa sam. In ta faɗi haka, ku yi zamanku a Agadas, ku zaga fadar Sarkin Abzin, ku je kasuwar raƙuma da sassafe, ku juyo gida. Na riga na yi wa mahaifiyarka wannan alkawari a madadinka, kada ka sa in ji kunyarta.

In hanya ta buɗe, ƙaramar motar abokinka ku bar ta a gari. Ku ɗauki hayar irin wadda suke kira kat-kat, da direbanta, in da hali biyu, don mota ɗaya a daji marainiya ce. Direban kirki ba sai an tuna masa safaya biyu da jak da shebur da famfon iska da fanbel ba, amma ka leƙa da idonka. In ka ga ya tsaya yana rage wa tayoyi iska kafin yashi, aikinsa ya sani, kada ka ce yana ɓata lokaci. Ruwa kuwa, ku lissafa abin da kuke ganin zai ishe ku, ku ninka shi, na mota daban na sha daban. Ka riƙa sha tun ƙishirwa ba ta zo ba, don iskar can busasshiya ce, gumi na bushewa kafin ka san ya fito, sai ciwon kai ya ba ka labari. In kuma Allah ya kawo tsautsayi mota ta lalace, a zauna a gindinta. Mota ake hangowa daga nesa, mutum a ƙafa ɗigo ne. Lokacin da kuka zaɓa kam kun dace, ban da abin cewa. Disamba rana ba ta da zafi, amma dare a kan duwatsu sanyinsa na shiga ƙashi, wani lokaci a wayi gari ruwan kwano ya yi ɓawon ƙanƙara. Kowa da bargonsa biyu.

Tsakanin Agadas da Timiya kilomita 200 ne da ɗoriya, amma yini guda cur za ku yi. Baƙaƙen duwatsu ne kamar an ƙone duniya an bar gawayinta, tsakankaninsu kuma ƙoramun yashi, su kori suke cewa, da goruba a jere a gefe. Korin nan ne ya koya mini darasin da ban manta ba.

Ina saurayi, sabon samun lasin, kaina na hayaƙi, muka ɗauko hatsi a ƙarshen damina. Magariba ta yi mana a bakin wani kori. Yashi lallausa, ga inuwa, ga itacen wuta, sai na gangara da mota tsakiyarsa na kashe. Cikin fasinjojin da muka ɗauko a bisa kaya akwai wani tsohon Ba'abzine da tun safe bai yi magana uku ba. Ya matso ya ce mini, a hankali, a hau da motar kan tudu. Na ɗaga kai, sama tas, ko ƙyallen gajimare babu. Na yi dariya. Bai ƙara ko kalma ba, ya naɗe tabarmarsa ya hau gangare ya shimfiɗa a kan tsakuwa. Maigidana ne, Allah ya jiƙansa, ya daka mini tsawa, na tada mota ina ƙunƙuni. Can tsakar dare na ji ƙara kamar jirgin ƙasa. Ruwa ne, ja wur, ɗauke da kututture da duwatsu, ya cika korin daga gaɓa zuwa gaɓa, alhali ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. A can saman duwatsu aka yi shi, nesa da inda ido ke kaiwa. Da gari ya waye na kasa haɗa ido da tsohon. Shi kuwa shayi ya miƙo mini, ya tambaye ni ko na yi barci lafiya. Irin wannan ruwa ne korin Telwa ya kwararo wa Agadas a Satumbar 2009, ya rushe gidaje masu yawa. Ku a Disamba ba za ku gamu da shi ba. Saboda tsohon na ba ka labarin: mutanen can ba sa ɗaga murya, ba sa kuma maimaita magana, sau ɗaya za a faɗa maka.

To ga Timiya. Bayan yini guda idonka bai ga komai ba sai baƙi da toka, kwatsam sai kore. Kafin ka shiga gari akwai inda ruwa ke zubowa daga kan dutse ya taru a wani tafki mai sanyi, a nan duk masu yawon buɗe ido ke tsayawa, a nan kuma awa biyunku za ta ƙare. Garin kansa ƙarami ne, gidajen laka da dutse a gindin tsaunuka, da tsohon barikin da Faransawa suka gina a kan tudu gab da ƙarshen mulkinsu. In wannan ne kawai, da na ce ku ɗauki hotonku ku wuce. Lambunan ne abin gani, su kuma ba sa ganuwa a tsaye.

Ka tashi bayan asuba ka bi ƙarar itace mai kuka, za ta kai ka bakin rijiya. An kafa ginshiƙai a kanta, da wani gungume mai juyawa a sama, da guga ta fata mai dogon hanci. Yaro na jan raƙumi ko sa, ya yi gaba igiya ta miƙe, guga ta taso, hancinta ya saki ruwa cikin kututturen dabino da aka fafe, ruwa ya bi 'yar hanya zuwa fangali. Mai lambu na tsugune da hannunsa, ya buɗe wannan fangali ya toshe wancan da dunƙulen ƙasa. Raƙumi ya juyo, guga ta koma. Haka har rana ta take. Yanzu injin ban ruwa ya shiga lambuna da dama, amma in ka tambaya za a nuna maka masu yi da dabba. Ka zauna ka ƙirga sawu nawa raƙumin ke yi kafin bishiya ɗaya ta sha. Daga wannan wahala ake samun lemu da rumman da inabi da ɓaure da dabino, har da alkama da albasa, a ƙasar da sai a shekara ruwan sama bai sauka sau goma ba. Lokacin lemu za ku je. In mai lambu ya tsinko ya miƙo maka, za ka karɓa da hannu biyu ba tare da an ce maka ba. Kada dai hannunka ya riga nasa zuwa reshe.

Ga dalilin kwana ukun. Ranar farko kai kasuwa ne. Yara za su bi ka, maƙera za su shimfiɗa maka kayan azurfa tun ba ka sauke jaka ba, kowa na kallon aljihunka, kuma ba laifinsu, tun da rashin tsaro ya kori baƙi ciniki ya mutu. Rana ta biyu an gaji da sayar maka, an gan ka a sahu, an ji yadda kake gaisuwa, sai a fara tambayarka daga ina. A rana ta uku ne wani zai aiko yaro ya kira ka shan shayi. Duk abin da zan iya tunawa na Abzin da ya cancanci tunawa, daga wannan kiran ya faro.

In an kira ka, ka je da lokacinka a hannu. Shayinsu zagaye uku ne a ƙananan kofuna, na farko mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi, kuma tsakanin ɗora buta a garwashi da kofin ƙarshe awa guda ba komai ba ce. Wanda ya kurɓi na farko ya miƙe ya gaya wa mai gida cewa yana da abin da ya fi shi. Za ka ga namiji ya rufe baki da hanci da rawani, in babba ya shigo ya ƙara ja sama, kunya ce da girmamawa, kada ka ce ya buɗe don hoto ya yi kyau. Matansu kuwa fuska a buɗe, da bakinsu a cikin zance, tanti ma na mace ne. Kada ka fassara wannan da abin da ba shi ba, kada kuma ka ɗaga waya a fuskar kowa sai ka tambaya. In aka ba ka gurasar da suke binnewa cikin toka da yashi mai zafi, ka ci, ko ka ji ɗan ƙasa-ƙasa a haƙori.

Ka nemi tsofaffin. Mutanen Timiya 'yan ayari ne tun kaka da kakanni. Da kaka sukan ɗaure raƙuma su ratsa Tenere zuwa Fashi da Balma, wajen wata guda zuwa da dawowa, su ɗauko gishiri da dabino, sannan su gangaro ƙasar Hausa su musanya da gero, su yi rani a wajenmu dabbobinsu na cin kara a gonaki. Kantun gishirin da kakarka ke sayen gutsurensa saboda awaki, ta bayan raƙumin irin waɗannan mutane ya iso. Kada ka yi mamaki in wani dattijo da bai taɓa shiga aji ba ya tambaye ka labarin kasuwar Kurmi, ya lissafa maka zangon da ke tsakanin garinsu da Kano ɗaya bayan ɗaya, da sunan kowace rijiya da ɗanɗanon ruwanta. Ka tambaye shi yadda madugu ke gane hanya inda babu dutse babu itace. Ni na tambaya, aka nuna mini taurari da kwancin yashi, na gyaɗa kai kamar na gane.

In za ka sayi azurfa ka yi tayi, al'ada ce, amma kada ka matse maƙeri har ya sayar don yunwa. Kuma ban son ɗabi'ar nan ta watsa wa yara alewa ta tagar mota. In kuna da abin bayarwa, littattafai ko magani, ku ba liman ko malamin makaranta, su suka san gidan da ya fi bukata.

Daga Timiya in kun yi arewa za ku wuce kufan Asode, tsohon birnin da ya taɓa zama babba a Abzin, yanzu sai bangaye da fasassun tukwane, sannan Iferwan, inda ofishin masu kula da gandun dajin yankin yake. Gandun Abzin da Tenere an kafa shi a 1988, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 77,000. Ka haɗa jihohin Kano da Katsina da Jigawa, bai cika ba. A 1991 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya, shekara ɗaya kacal bayan haka, a 1992, ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawayen da ya ɓarke. Kada ka je da hoton Yankari a kanka. Ba shinge, ba ƙofa mai tikiti, ba giwa a bakin ruwa. Mutane na zaune a ciki da awakinsu da raƙumansu kamar yadda suke tun kafin a zana iyakar. Kana iya kwana biyu ba ka ga naman daji ko ɗaya ba, sai sawu: na barewa, na yanyawa, na ragon dutse a gindin tsauni. Jagora zai durƙusa ya karanta maka su kamar allo, ya ce wannan jiya ta wuce, wannan da asuba, tana tafe da ɗanta.

Da ba haka abin yake ba. Ni da idona na ga garken jimina na tsere da ƙurar motarmu, masu jan wuya, dogaye kamar a taɓa sama. Shekarun tawayen 1990 zuwa 1995, da bindiga ta yawaita kuma ba mai tsaro, suka kusa ƙarar da su kaf. Yau in kana son ganin jimina a Iferwan sai a killace, ana lallaɓa ta ta yi ƙwai. Akwai kuma wata farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho, Turawa na ce mata adas, wadda kan yi watanni ba ta sha ruwa ba. Saboda ita aka keɓe tsakiyar gandun aka hana shiga, amma 'yan kaɗan da suka rage a daji yanzu sai can wajen Termit. Mota da bindiga ne suka yi wannan aiki, ƙishirwa ba ta taɓa iyawa ba. Don haka in barewa ta gifta kuma wani cikinku ya ce a bi ta a ɗauki bidiyo, ka hana. Ko ba a harbe ta ba, gudun da za ta yi na iya fasa mata zuciya, ta faɗi bayan kun juya kuna dariya.

Ka taɓa jin labarin bishiyar Tenere? Wata ƙaya ce guda ɗaya tal, can gabas da duwatsu a kan hanyar ayarin gishiri, tafiyar kwanaki ba wata bishiya kusa da ita ta kowace fuska. Da aka haƙa rijiya a gefenta a ƙarshen shekarun 1930, sai aka tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Ayari bayan ayari sun yada zango a wurin, mutane masu jin sanyi, masu son shayi, da raƙuma masu yunwa. Ba wanda ya karya mata reshe, ba wanda ya saki dabbarsa ta ci ganyenta. Ba doka a rubuce, ba ɗan sanda. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Duk faɗin filin nan da ba shi da iyaka, abu ɗaya ne tsaye a ciki, shi ya samu. Gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai yanzu, a gurbinta kuma an kafa wata ta ƙarfe. Ni direba ne, abokina, kuma duk sa'ad da aka ɗauko zancen nan a gabana sai in ji kamar ni na yi. Na san irin saurin da ke kanmu in mun riƙe sitiyari. Shi na gani a takardarku mai wurare 11.

Saboda haka in dare ya yi muku a bakin Tenere, inda tuddan yashi ke jingina da duwatsu, itacen da ya mutu ya faɗi kawai za ku tsinta, ko ma ku taho da tukunyar gas daga Agadas. Ƙayar da ba ta wuce kafaɗarka ba ta iya girme ni. Leda da gwangwani ku mayar da su mota, can ba abin da ke ruɓewa, abin da ka yar jikanka zai tarar. A bi sawun motar da ta gabata. Da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama. Sallarku ta matafiya ce, in ruwa ya yi ƙaranci ga ƙasa mai tsarki iya ganinka. Bayan isha ka ɗan ja nesa da abokanka, ba da nisa ba, inda kana hango wuta, ka zauna. A kashe kiɗan mota. Shirun wurin har ƙara yake yi a kunne, taurari kuma sun sauko har gefen ƙasa ta kowane ɓangare. Ban iya kwatanta maka ba, na gwada wa kakarka shekara da shekaru tana ce mini sai ka ce wanda ya je Makka.

Wani abu kuma da zai ba ka mamaki: wannan yashi da tafkuna ne. A Gobero, cikin Tenere, wani masani ɗan Amurka mai suna Paul Sereno ya je neman ƙasusuwan manyan dabbobin farkon duniya a 2000, sai ya faɗa kan maƙabartar mutanen da suka rayu dubban shekaru da suka wuce, da ƙugiyoyin kamun kifi da ƙasusuwan kada da dorina. A Dabus kuma, kusa da hanyar Arlit, in za ku komo ta can, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse, babban ya fi mita 5, har zanen fatarsa an fitar ɗaya bayan ɗaya. A wurare da dama za ka ga kan kibiya na dutse da dutsen niƙa da gutsattsarin tukwane zube a ƙasa, kamar masu su sun tafi kasuwa za su dawo. Hannu zai yi maka ƙaiƙayi. Wasu ma za su kawo maka na sayarwa. Ka duba, ka ɗauki hoto, ka bar shi inda yake kwance. Kowane baƙo ɗaya yake ɗauka, da haka aka share wurare da yawa tas.

Ina faɗin wannan ne da nauyin baki, don akwai ɗaya a akwatina. Kan kibiya ne, kore-kore, bai kai ɗan yatsa ba, an fere gefensa da kyau kamar haƙoran zarto. Na tsince shi ina da ƙuruciya, wata rana da muka tsaya gyaran taya, na jefa a aljihu ban yi tunanin komai ba. Yana nan naɗe a tsumma tare da tsohon lasina. Ran da za ku tashi ka biyo ta nan da sassafe, kakarka za ta dafa muku dambun nama, in yi maka addu'a, in ba ka shi. In kun isa Iferwan ka miƙa wa ma'aikatan gandun, ka ce wani tsohon direba ne ya aiko, ka gaya musu a hanyar gabas da Timiya ya ɗauka, iyakar abin da yake iya tunawa ke nan.

Ka kira mahaifiyarka daga Agadas kafin ku hau duwatsu, ka faɗa mata ranar da za ta sa ran jin muryarka, ka ƙara kwana biyu a kai don kada ta tada mini hankali. Kakarka ta ce a sayo mata cuku. Ni rumman nake so, na Timiya, guda huɗu sun isa, ka naɗe su cikin bargo kada hanya ta farfasa su.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.

Kakanka